Tumatirin Gwangwani da Ɗanyen Karas: Wanne Ya Fi Amfanar Jiki?

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Gidan Rumji, daga Tsibiri har ƙauyukan da ke bin Gulbin Maraɗi, ya san waɗannan kaya biyu. Tumatirin gwangwani ba ya yankewa. Rani da damina yana nan jere a teburin mai kayan miya, kusa da magi da gishiri da daddawa. Karas kuwa sai hunturu ya kankama yake shigowa, ya cika baro da faranti, yara su yi ta gurgura a hanyar makaranta, da zafin bazara ya sauka sai ya yi wuyar gani. Haka abin yake a Agye da Gazawa. Uwargidan da kuɗin cefanenta ƙididdigagge ne ta daɗe da yanke hukunci a kansu: tumatir dole ne, karas kayan marmari ne, in an samu canji a saya wa yara.

Wannan hukunci ne ya kamata mu sake dubawa. Kowanne daga cikinsu yana da amfani, amma aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne. Idan kuma aka dubi abin da yaran wannan yanki suka fi rasawa a abincinsu, wanda aka mayar kayan marmari shi ne ya fi cancanta a kira shi dole.

Abin da awo ya nuna

A Turai da Amurka akwai gwangwanin da ake zuba tumatir ɗungurungum cikin ruwansa. Irin wannan bai yi nisa da ɗanyen tumatir ba, kusan duk ruwa ne. Wanda muke saye a nan dabam ne: markaɗaɗɗen tumatir ne da aka dafa aka ƙone ruwansa har ya yi kauri. Ana bukatar kimanin kilo biyar zuwa shida na ɗanyen tumatir kafin a samu kilo ɗaya nasa. Shi ya sa duk abin da ke cikin tumatir, in dai wuta ba ta kashe shi ba, yakan taru a cikinsa ninki-ninki.

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da kundin awon sinadaran abinci da masana ke dogara da shi a duniya. Bisa wannan kundi, giram 100 na tumatir mai kauri na gaskiya yana ɗauke da kalori kusan 82, fotasiyam sama da miligiram 1,000, bitamin C kimanin miligiram 22, sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 3, da laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launinsa, kusan miligiram 29. Bitamin A kuwa maikirogiram 76 ne kawai.

Giram 100 na ɗanyen karas yana da kalori 41, fotasiyam miligiram 320, bitamin C kusan miligiram 6, zaren abinci mai taimakon hanji giram 2.8, sai bitamin A maikirogiram 835. A ɓangaren bitamin A ke nan karas ya ninka tumatirin gwangwani fiye da sau goma, a sauran fannonin kuma tumatir ne a gaba.

Da a nan maganar ta tsaya, sai a ce tumatir ya yi rinjaye. Amma wa ke cin giram 100 na tumatirin gwangwani? Ƙaramin gwangwanin da aka fi saye giram 70 ne, kuma shi ne za a zuba a tukunyar da mutum takwas ko goma za su ci. Sau da yawa ma ba a sayen gwangwanin gaba ɗaya. Mai tebur ya buɗe babba, ya sa cokali ya ɗebo, ya dangwala a 'yar farar leda, ya murɗe bakinta ya ƙulle, abin bai fi girman goro ba, wannan ƙullin shi ne tumatirin miyar gida guda. Ko da gwangwanin giram 70 ne aka raba wa mutum goma, kowa giram 7 ya samu. A cikinsu akwai laikofin kimanin miligiram 2, fotasiyam miligiram 70, bitamin A kuwa kimanin maikirogiram 5 kawai. Shi kuwa karas ba a raba shi haka. Yaro yakan riƙe guda ya cinye shi kaɗai, matsakaici kuma yakan kai giram 60, wato bitamin A kusan maikirogiram 500. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin 300 a yini, ɗan shekara 4 zuwa 8 kimanin 400, mace baliga 700, namiji 900, mai shayarwa kuwa 1,300. Karas guda ɗaya ya ɗauke wa ƙaramin yaro bukatar yininsa har da saura. Rabonsa na tumatirin miya bai kai kashi biyu cikin ɗari na wannan bukata ba.

Ja da ruwan goro

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan wannan batu ido yana bukatar taimakon ilimi, domin launi na ruɗar mutane. Laikofin na tumatir da beta-karotin na karas 'yan gida ɗaya ne a wajen masana, dukkansu launin tsirrai ne masu narkewa a cikin mai. Bambancinsu shi ne jiki yana iya sarrafa beta-karotin ya mayar da shi bitamin A, amma ba ya iya yin haka da laikofin ko kaɗan. Komai jan miya, janta ba shaidar bitamin A ba ne.

Haka kuma ja ba shaidar ƙarin jini ba ne. Akwai masu dama tumatirin gwangwani da madara ko lemun kwalba su ba mai jego ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, wai don jini ya dawo. Duk gwangwanin giram 70 sinadarin ƙarfen da ke cikinsa kimanin miligiram 2 ne kawai, kuma irin wanda hanji ke tsotsa kaɗan-kaɗan ne. Hanta da nama da kifi sun fi shi nesa ba kusa ba, wake da ganye ma suna taimakawa. Mai ƙarancin jini na gaske kuwa asibiti ya kamata ya nufa a auna shi, domin sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ko amosanin jini ne ke cin jinin, waɗannan kuma ba a maganinsu da gwangwani.

Wannan ba ya nufin laikofin ba shi da daraja. Yana cikin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma a nan ne tumatirin gwangwani ya fi ɗanye. Yawancin mutane sun ɗauka duk abin da ya shiga masana'anta ya rasa amfaninsa, amma laikofin a kulle yake cikin naman tumatir, niƙa da zafin wuta ne ke sakin sa. A 1997 masu bincike a jami'ar Dusseldorf ta Jamus sun ciyar da mutane ɗanyen tumatir da kuma mai kauri, kowanne da laikofin daidai wa daida tare da mai, suka tarar wanda ya shiga jini daga mai kaurin ya kai ninki biyu da rabi. A 2002 wani bincike a jami'ar Cornell ta Amurka ya nuna dafa tumatir na minti 30 a zafin digiri 88 ya rage bitamin C da kashi 29 cikin ɗari, amma laikofin da jiki zai iya amfana da shi ya ƙaru.

Matanmu sun daɗe suna yin abin da ya dace ba tare da sun karanta wannan ba. Mace ta ɗora tukunya, man gyaɗa ya yi zafi, albasa ta yi laushi, sai ta zuba tumatirin ta yi ta juyawa. Da farko ya dunƙule ya yi duhu, tsaminsa na tashi, can sai ya saki, mai ya taso sama jajawur yana kewaye gefen tukunya. Wannan jan man shi ne laikofin da ya narke, kuma a haka hanji ya fi karɓarsa.

Game da cututtuka kuwa, a yi hattara da zuzutawa. A 1995 masana a jami'ar Harvard da suka bi lafiyar maza sama da 47,000 sun lura cewa masu yawan cin miyar tumatir ba su cika kamuwa da sankarar furostet ba, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Amma da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tattara hujjojin a 2005, ta ce ba su da ƙarfi sosai. Tumatir abinci ne mai kyau, ba maganin sankara ba ne, duk wanda ya tallata shi a haka ya wuce abin da ilimi ya tabbatar.

Dalilin da bitamin A ya fi damun mu

Amfanin laikofin abu ne da ake fata a tsawon rayuwa. Rashin bitamin A kuwa ɓarnarsa a fili take, kuma ƙananan yara take fara kamawa. Alamarsa ta farko dundumi: magariba na yi yaro ya fara laluben hanya, ya yi tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ya saba. In abin ya ci gaba, farin ido ya bushe, baƙin ido ya yi gyambo, daga nan sai makanta da ba ta da magani. Kafin ma a kai ga ido, garkuwar jiki ta riga ta yi rauni, ƙyanda da gudawa su zama masu kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 190 'yan ƙasa da shekara biyar ke fama da wannan rashi, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya, kuma tsakanin 250,000 da 500,000 ke makancewa kowace shekara, rabinsu ba sa cika shekara guda bayan makantar. A 1986 likitan ido Alfred Sommer ya buga sakamakon aikinsa a yankin Aceh na Indonesiya, inda ba yara ƙwayar bitamin A ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗauki wannan darasi da wuri. Tun 1997 aka haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan-inna, kuma iyaye mata sun san 'yan ƙwayoyin nan da ake yanke wa baki a matsa wa yaro, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Mutanen jihar Maraɗi ba sa bukatar a ba su labarin tamowa. Ba a manta da yunwar 2005 ba. A 2007 kuma, a gundumar Gidan Rumji ce ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa ta MSF ta raba wa yara kusan 60,000, 'yan wata 6 zuwa shekara 3, wani abinci mai gyaɗa da madara da bitamin, wata-wata daga Mayu zuwa Oktoba, don a tare tamowa kafin ta kama su. Waɗannan ayyuka sun ceci rayuka. Amma ƙwayar bitamin sau biyu take zuwa a shekara, tukunya kuwa kullum ake ɗora ta. Tuwon gero da fura, waɗanda su ne ƙashin bayan abincinmu, suna ba da ƙarfi amma kusan babu bitamin A a cikinsu. Dole sai ya fito daga miya ko daga abin da yaro ya ci a gefe.

A faɗi gaskiya kuma, karas ba ya gyara idon da ke bukatar tabarau, ba ya cire yanar ido. Ba ya kuma maganin tamowa shi kaɗai, domin shi da tumatir duk ba su da ƙarfin da za su gina jiki. Wannan aikin hatsi ne da wake da gyaɗa da nono da ƙwai.

Me ke cikin gwangwanin?

Duk alƙaluman da aka kawo na tumatir tsantsa ne. Karas abin da ka gani shi ka saya, gwangwani kuwa a rufe yake. Yawancin tumatir mai kauri da ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma daga waje yake zuwa, kaso mai yawa daga yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, a cikin manyan ganguna, sannan a sake ɗura shi a ƙananan gwangwanaye da leda. Ɗan jaridar Faransa Jean-Baptiste Malet ya bi sawun wannan fatauci daga Sin zuwa Italiya zuwa Gana, kuma a littafinsa na 2017 ya nuna yadda ake cakuɗa wasu kayan da ake turo wa Afirka da sitaci da dusar waken suya da rini. Irin wannan gwangwani yana iya fin na gaskiya ja, alhali tumatirin cikinsa kaɗan ne. Wanda ya iya karatu ya duba jikin gwangwanin: na kirki tumatir da gishiri kawai yake lissafawa, kuma yakan nuna kauri na kashi 28 cikin ɗari. In ka ga sitaci da sukari da launi a jere, ka san kuɗinka ba duka tumatir suka saya ba.

Batun gishiri ma a yi masa adalci. Giram 100 na mai gishiri yana iya ɗaukar kusan giram 2 na gishiri. Idan an raba wa gida guda ba wani abu ba ne, sai dai yana haɗuwa da magi da gishirin da aka barbaɗa da hannu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Gidan da ke da mai hawan jini, in an zuba gwangwani sai a rage sauran.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, a jefar da shi, kada ma a ɗanɗana, domin gubar da ke iya taruwa a ciki tana kisa. Wanda aka buɗe kuma kada ya kwana cikin ƙarfensa. A juye a kwalba ko roba mai tsabta, a zuba ɗan mai a sama, a yi amfani da shi da wuri. In ya yi furfura, kwashe saman ba ya tsarkake na ƙasa.

Abin takaici shi ne ƙasar Hausa ba ta rasa tumatir ba. Lokacin sanyi yakan yi yawa a lambuna har kwando ya faɗi warwas, wani ya ruɓe kafin ya ga mai saye. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa ta jihar Kano a 2016, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a yini, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a kan kari, kuma a shekarar da aka buɗe ta ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Kafin a samu masana'antar da za ta tsaya da ƙafafunta, muna da tsohuwar dabara a hannu, wato kauɗa. Tumatirin da aka yanka aka shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙasa da ƙura, ya rasa yawancin bitamin C, amma laikofin da fotasiyam suna nan, kuma mai shi ya san babu rini a ciki.

Ɗanye ko dafaffe?

Ɗanyen karas yana da daɗin gurgura, yana motsa hanji, ya kuma fi alewa da biskit alheri ga haƙoran yara. Amma beta-karotin ma a kulle yake cikin naman karas mai tauri, kuma sai da maiƙo yake shiga jiki sosai. Wanda ya ci ɗanye da cikin da babu mai, wani kaso mai yawa wucewa yake yi. In an yanka shi an ɗan dafa da mai, ko an goga shi an kwaɗa da ƙuliƙuli tare da zogale ko kabeji, jiki ya fi samun rabonsa. Yaron da bai kai shekara uku ko huɗu ba kada a miƙa masa ɗanye, yana iya shaƙe shi. A dafa, a murƙushe, a sa ɗan man gyaɗa, a haɗa masa da kunu ko faten wake.

Sai tsabta. Karas a cikin ƙasa yake girma, ana ba shi taki da ruwan da ba kullum yake da kyau ba, mai baro kuma yana yini yana yayyafa masa ruwa daga bokiti ɗaya don ya yi sheƙi. Ƙyallin nan ba wanki ba ne. A wanke da ruwa mai tsabta a kankare bayansa kafin a ci, in ba haka ba gudawar da zai jawo ta fi amfanin da zai bayar. A wannan fanni tumatirin gwangwani ya fi aminci, tunda sai ya bi ta wuta.

Idan lokacinsa ya wuce

Raunin karas na gaske shi ne ba ya daɗewa. Watannin da tamowa ta fi tsanani, daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, su ne watannin da ba a ganin sa. Amma Allah bai bar shekara da giɓi ba. Karas na ƙarewa mangwaro ke nuna. Damina na sauka ganye ke fitowa: zogale, wanda lambunan Jiratawa suka yi suna a kansa, da alayyafo da rama da tafasa da yakuwa, dukkansu da beta-karotin a ɓoye ƙarƙashin korensu. Da kaka kuma ga kabewa, wadda ke iya ajiyuwa watanni. Gwanda da hanta da ƙwai da man shanu suna cike sauran. Abin da ake bukata shi ne uwa ta san cewa waɗannan duka aiki ɗaya suke yi, kuma jan miya ba ya maye gurbinsu.

Hukuncin ke nan. Tumatirin gwangwani na gaskiya kayan miya ne mai amfani, yana ba da laikofin da ɗan fotasiyam, yana sa a ci abinci da marmari, ba kuma dalilin ƙyamarsa. Amma a yadda muke cin sa, cokali ɗaya ga gida guda, ba zai ɗauki nauyin lafiyar kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, giram 7 kuwa ko hanya bai kama ba. Mafi alheri a haɗa su a tukunya ɗaya: a soya tumatirin, a yanka karas a zuba daga baya don kada ya narke, man da ya narkar da laikofin shi ne zai ɗauki beta-karotin.

Akwai aiki a kan kowa. Maigida in zai ba da kuɗin cefane lokacin sanyi ya sa karas a lissafi, kada a jira canji. Ma'aikatan lafiya da ke auna yara da masu juna biyu su riƙa faɗin wannan da sunan abincin da ke kasuwa a watan da ake ciki. Masu lambu a fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba su ware wa gidajensu kaso kafin su ɗaure na kasuwa. Hukumomin da ke kula da kayan da ke shigowa kuma su tabbatar abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne a cikinsa. Idan kuwa kuɗin hannu abu ɗaya kawai za su iya saya, kuma akwai ƙaramin yaro ko mai shayarwa a gidan, a sayi karas, a yi miyar da kauɗa.